Wightwick Manor: Inda Zanen Zamanin Sarauniya Victoria Ke Rataye a Bangon Gida

Wightwick Manor na gefen garin Wolverhampton a Ingila. Theodore Mander, attajiri mai masana'antar fenti, shi ya gina gidan a 1887, ya faɗaɗa shi a 1893. Ɗansa Geoffrey ya miƙa shi ga National Trust, ƙungiyar da ke kula da gidaje da wuraren tarihi, a 1937, kuma ita ke karɓar baƙi har yau.

Kada mai ziyara ya sa ran ganin jerin hotunan kakannin masu gida kamar yadda aka saba a gidajen manyan Ingila. Akasarin fitattun zane-zanen nan Geoffrey da matarsa Rosalie ne suka tara daga baya, lokacin da aikin masu zanen da ake kira Pre-Raphaelite, wani rukunin masu zane na zamanin Victoria, ya yi araha don an daina yayinsa.

Zane biyu sun isa a yi tattaki. Na farko hoton Jane Senior da G. F. Watts ya zana a 1857 zuwa 1858: tana durƙushe kan kujera tana ba furanni ruwa. Ita ce daga baya ta zama mace ta farko mai duba gidajen gajiyayyu na gwamnati. Na biyu ƙarami ne, ana iya wuce shi ba a lura ba: Effie, matar mai sharhin zane John Ruskin, da furanni a gashinta, aikin John Everett Millais na 1853. Bayan shekara biyu ta zama matar mai zanen.

Matsalar ita ce haske. Ɗakunan na da duhu, da gangan kuwa. Haske na cin launi, abin da ya ci kuma ba ya dawowa, shi ya sa masu adana kayan tarihi ke tsayar da shi wajen lux 50 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne) ga zanen takarda da yadi, kusan 200 ga zanen fentin mai. Da yake bangon na ɗauke da takardu da yadudduka na kamfanin William Morris, dole a rage hasken ga komai. Idan zane na bayan gilashi, ƙyallin taga kan rufe fuskar; a ɗan karkata gefe, a kuma ba ido 'yan mintuna ya saba da duhun.

Bayanin da ke jikin bango bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da gidan tarihi. Gara a buɗe shafin intanet na National Trust Collections ko na Art UK, inda ake jera zane-zanen, tun kafin a tashi, a rubuta zanen da ake son gani, sannan a tambayi masu aikin sa kai da ke tsaye a ɗakuna inda yake rataye.