Ranakun da suka rage a wata: ƙirga ɗaya-ɗaya ko lissafi?

Malam, ka tambaya yadda manhajarka za ta gane ko akwai sauran Talata ko Juma'a kafin watan nan ya ƙare. Hanya biyu ce, kuma duka biyun sai ka fara sanin kwana nawa ne watan. A yaren rubuta manhaja na Python, calendar.monthrange(shekara, wata) zai ba ka lamba biyu, ta biyun ita ce yawan kwanakin. Kar ka rubuta 28, 30 da 31 da hannu. Fabrairun 2000 ta yi 29, ta 1900 ba ta yi ba, kuma a nan ake yawan tuntuɓe.

Hanya ta farko ita ce ka tashi daga yau, ka bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen wata, kana ajiye sunan kowace rana. Ɗauki 26 ga Satumba 2024, ranar Alhamis. Za ka samu Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi, sai Litinin 30. Talata da Laraba sun wuce. Komai daɗewa zagaye 31 ne, kwamfuta ko a jikinta.

Ta biyun babu zagaye. Kowace ranar mako tana da lambarta. Ka cire lambar ranar yau daga lambar ranar da kake nema, ka raba da 7, ka riƙe abin da ya saura (aikin alamar % ke nan), ka ƙara a kan kwanan wata. A Python Litinin ce 0, don haka Alhamis 3, Talata 1. (1 − 3) % 7 ya ba da 5, 26 da 5 ya zama 31, ya haura 30. Babu Talata kenan.

Lissafin gajere ne, amma akwai tarko. Ka kai shi JavaScript, getDay() daga Lahadi yake fara ƙirga 0, wato Talata 2, Alhamis 4, kuma % ba ya juya lambar da ke ƙasa da sifili zuwa ta sama da sifili. (2 − 4) % 7 zai ba ka −2, ka faɗa kan 24, manhajar ta ce maka akwai Talata alhali ta riga ta wuce. Ba ta nuna kuskure ba, amsar ce kawai ta ƙarya. Maganinsa ka ƙara 7 kafin ka raba. Can kuma Janairu ce wata na 0, rana ta 0 kuma ita ce ranar ƙarshe ta watan baya, shi ya sa new Date(shekara, wata + 1, 0) yake ba da ranar ƙarshe.

Ni dai ta farkon zan zaɓa maka. Wanda ya zo bayanka zai karanta ya gane ba tare da biro da takarda ba, kuma ran da aka ce a cire ranakun hutu, layi ɗaya za ka ƙara. Lissafi sai idan kana sarrafa miliyoyin kwanan wata a lokaci guda.

Kafin ka rubuta komai, ka yanke ko yau tana cikin ƙirga. Sannan ka duba agogon da kake bi: idan uwar garken (kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta) tana kan UTC, wato agogon GMT, da tsakar dare tana iya cewa har yanzu 30 ne, mai wayar kuwa ya riga ya shiga sabon wata.