Fitilar 'yan TikTok da na sayo a Farm Centre

Wata huɗu ke nan da na sayi fitilar nan mai zagaye kamar zobe, wadda 'yan TikTok ke kafawa a gabansu. Atamfa da shadda nake sayarwa daga gida, hotunan da nake ɗauka da daddare kuma dushi-dushi suke fitowa, shi ya kai ni kasuwar waya ta Farm Centre a nan Kano. Mai shagon ya so ya tura min babbar, mai inci 18, yana ta "Hajiya, ita manya ke amfani da ita." Na ce ɗana, ni ciniki nake nema, suna ya gaishe su. Na ɗauki mai inci 10.

Haskenta kala uku ne: fari, ruwan ɗorawa da tsaka-tsaki. Mai sayar da kaya ta tsaya a kan farin. Wata ta dawo min da shadda don a hoton da na ɗauka da hasken ruwan ɗorawa ta ga ruwan madara, da ta isa hannunta kuwa fara ce tas. Da USB take aiki, ko an ɗauke wuta fawa bank yana riƙe ta. Ƙafar ce ba ta da ƙwari. Sau ɗaya ta kife da wayata gilashin ya tsage, yanzu da jakar shinkafa nake danne ta.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne 'yar yayata da ke zaune a wurina. Tun da mabiyanta a TikTok suka haura 1,000 aka buɗe mata yin bidiyo kai tsaye, fitila ta koma ɗakinta. Bayan isha'i sai ka jiyo ta: "Ku daddanna allo, ku turo fure!" Furen nan kyauta ce da masu kallo ke turowa, kwabo ɗaya ne a kuɗin manhajar, kyautar zakin da take mafarki kuwa kwabo 29,999. Idan na leƙa, fuskar sumul, ba ƙurji ko ɗaya, ga zoben haske a ƙwayar idonta kamar mage.

Rannan a gidan biki wasu 'yan mata suka gane ta, suka yi layin ɗaukar hoto. Muna juya baya na ji ɗaya ta ce, "Ashe ba fara ba ce." Ko tuwo ba ta ci ba a daren. Da safe ta zo gaishe ni, ta ce, "Umma, da mai inci 18 ɗin kika sayo." Na ce ta tara furanninta ta je ta sayo, ta dawo min da tawa.