Alƙalamin ɗurin tawada ko biro: wanne zai hutar da hannun mai yawan rubutu?

Ɗan'uwa, ka ce hannunka na yin tsami idan ka daɗe kana rubutu da biro, kana tambaya ko alƙalamin da ake ɗura wa tawada zai kawo maka sauƙi, ko kuwa ado ne kawai. Zai kawo sauƙi ƙwarai, kuma dalilin yana cikin tawadar da kowannensu ke sha.

Tawadar biro mai kauri ce, da mai ake haɗa ta. Ba ta fitowa da kanta, sai ɗan ƙwallon ƙarfen da ke bakin biron ya juya ya shafa ta a takarda, shi kuwa ba ya juyawa sosai sai ka danna. Wannan dannawar ce ke tara maka gajiya a yatsu da wuyan hannu. László Bíró, ɗan jaridar ƙasar Hangari da ya yi rajistar ƙirƙirar biro a 1938, tawada mai saurin bushewa yake nema, ya kuwa samu. Biro ba ruwansa da irin takarda, yana yin watanni a aljihu bai bushe ba, kuma idan rasit ne mai kabon a ƙasa, babu kamarsa.

Alƙalamin ɗuri kuwa tawadarsa ruwa ce tsinkakkiya. Bakinsa na ƙarfe yana da 'yar tsaga, tawadar na bin ta kamar yadda mai ke hawa lagwanin fitila, iska kuma na shiga ta cike gurbin abin da ya fita. Wannan tsari ne Lewis Waterman ya inganta a Amurka a 1884. Da zarar baki ya taɓa takarda rubutu ya fito, nauyin alƙalamin kaɗai ya isa. Shi ya sa nake fifita shi ga duk wanda zai cika shafi bayan shafi.

Amma yana da sharuɗɗa. Takarda mara kyau tana shanye tawadar, harafi ya baje, har ya ɓullo ta baya. Yana ɗan jinkirin bushewa, don haka bahago zai iya goge abin da ya rubuta da gefen hannunsa. Idan ka bar shi a buɗe ko ka ajiye shi makonni, sai ka wanke shi da ruwa kafin ya farfaɗo.

Tawadarsa ma iri-iri ce, kuma a nan masu farawa ke yin asara. Wadda aka fi sayarwa ta rini ce: launi ba adadi, ba ta toshe alƙalami, sai dai ɗigon ruwa na iya wanke ta. Akwai mai ƙwayoyin launi, irin su Platinum Carbon Black, wadda ba ta jin ruwa idan ta bushe, amma tana son a riƙa wanke alƙalamin a kai a kai. Akwai kuma ta sinadarin ƙarfe, mai ƙara duhu bayan an rubuta, wadda aka daɗe ana rubuta takardun ajiya da ita. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka kuskura ka ɗura masa tawadar zane da ake kira ta Indiya. Tana da ƙaro a ciki, idan ya daskare a hanyar tawada, ba lallai alƙalamin ya sake moruwa ba.

Akwai masu tsaka-tsaki. Biron rola, wanda kamfanin Ohto na Japan ya fitar a 1963, ƙwallo ne da tawadar ruwa: yana da santsi, amma yana saurin ƙarewa. Biron jel, mai tawada mai ɗan kauri, da kamfanin Sakura ya kawo a 1984, launinsa ya fi fitowa rangaɗau. Ka dai guji sa hannu a muhimmiyar takarda da mai gogewa irin Pilot FriXion, domin zafi na ɓatar da rubutunsa.

Idan za ka gwada alƙalamin ɗuri, fara da mai sauƙi kamar Lamy Safari ko Pilot Metropolitan, ka zaɓi siririn baki mai alamar F, tunda shi ne ba ya zuba tawada da yawa a takarda ta yau da kullum. Biro ɗaya kuma ya zauna a aljihu don cike fom.