Wace burauza za ka riƙe don ranar da shafi ya buɗe fari fat?

Masu kwatanta burauza sun fi son zancen sauri da cin batir. Ni kuwa abu ɗaya nake dubawa: ranar da shafi ya buɗe fari fat, ba rubutu ba saƙon kuskure, wacce ce za ta nuna mini inda gizo ke saƙar? Na taɓa shafe kwana biyu ina fama da wani shafin cike fom, ga wa'adi ya ƙarato, ina ta zargin masu shafin. Ashe manhajar toshe talla ce da na liƙa da hannuna ta hana JavaScript, wato lambobin umarnin da ke sa shafi aiki a cikin burauza, tashi, shafin kuma da shi yake zana komai.

Tun daga ranar na koma Firefox. Mozilla ta fitar da ita a 2004, kuma injinta mai zana shafi nata ne, Gecko. Amfanin wannan shi ne idan shafi ya ƙi buɗewa a wata burauza ya kuma ƙi a Firefox, to akwai yiwuwar matsalar daga sabar masu shafin take, wato kwamfutar da ke ɗauke da shi, ko daga layinka, sai ka daina wahalar da na'urarka. Abin da ya fi burge ni shi ne yanayin da suka kira Troubleshoot Mode, yana cikin sashen taimako. Dannawa ɗaya zai kashe duk manhajojin da ka liƙa, ya kuma hana burauzar jingina da katin hoto wajen zana shafi, wanda shi ma kan jawo farin allo idan direbansa, wato manhajar da ke sarrafa shi, ya tsufa. In shafin ya bayyana, sai ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har ɓarawon ya fito. In abin ya faskara akwai maɓallin mayar da ita sabuwa, kuma ba ya taɓa kalmomin sirrinka da shafukan da ka adana. Aibinta? Jefi-jefi za ka haɗu da shafin da masu shi ba su gwada da ita ba.

Don haka ka ajiye Chrome a gefe, ita yawancin masu gina shafi ke gwaji da ita, kuma tagarta ta sirri tana buɗewa ba tare da manhajojin liƙi ba sai in kai ka ba su izini. Edge, Opera da Brave duk a kan Chromium aka gina su, tushe ɗaya da Chrome, ɗanjuma ne da ɗanjummai wajen gwaji. Opera Mini tana rage cin data, amma a sabarta take matse shafi, masu JavaScript da yawa kan iso a gurgunce. Safari sai mai na'urar Apple.

Kowacce ka zaɓa, in a kwamfutar Windows kake ka fara da danna Ctrl da F5 don a ɗauko shafin sabo, sannan ka share ajiyar wucin gadi ta burauzar, wato cache.

Sai maganar 'yan damfara, wadda ta fi zaɓin kansa muhimmanci. Sun san mai kallon farin shafi a matse yake. Wani shafin zai fito da akwati mai tambarin burauzarka, wai ta tsufa, ka sauke sabuntawa. Ƙarya ne. Burauza daga cikinta take sabunta kanta, ba shafin da ke da hurumin ba ka fayil. A 2017 an yi yayin wani salo da ke hargitsa rubutun shafi, ya ce wai haruffan HoeflerText ne babu a kwamfutarka. Na yanzu ya fi muni: za a ce ka danna maɓallin Windows da R, ka liƙa wani rubutu don "gyara" ko don tabbatar da kai mutum ne. Kana yi, ka shigar da manhajar satar kalmomin sirri da hannunka. Haka masu sa lambar waya a allo wai ma'aikatan gyara ne. Ko wurin sauke burauzar ma, kada ka danna tallan da ke saman sakamakon bincike. Rubuta adireshin kamfanin da kanka, a waya kuma ka duba sunan mai manhajar a Play Store kafin ka sauke.