Kuɗin Majalisa ko Ribar Asusun Lauyoyi

Ƙungiyoyin da ke tsaya wa talakawan Amurka a shari'o'in haya, aure da bashi suna da hanyoyi da dama na samun kuɗi. Ga biyu daga cikinsu, kuma kowace tana da nata nauyi.

Ta farko ita ce hukumar Legal Services Corporation, wadda majalisar dokokin ƙasar ta kafa a 1974, take ware mata kaso a kasafin kowace shekara, ita kuma ta rarraba wa ƙungiyoyin. A 2024 an ba ta dala miliyan 560. Kuɗin yana da yawa, yana kuma isa kowace jiha, amma da igiya a wuyansa. A 1996 majalisa ta zaftare kason daga dala miliyan 400 zuwa 278, sannan ta hana duk ƙungiyar da ta karɓa shigar da ƙara a madadin jama'a masu koke iri ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne haramcin ya shafi har kuɗin da ƙungiyar ta samo daga wani wuri, don haka lauyar da ta ga mai gida guda yana korar 'yan haya da dama ba bisa ƙa'ida ba, sai ta kare su ɗaya bayan ɗaya.

Ta biyu ita ce tsarin IOLTA, wanda jihar Florida ta fara a 1981, inda ake tattara kuɗin ruwan da ajiyar masu ƙara ke haifarwa a asusun lauyoyi, a ba wa ƙungiyoyin. Sharuɗɗansa sun fi sauƙi, sai dai yana bin kasuwa: da babban bankin Amurka ya sauke kuɗin ruwa kusan sifiri a 2008, rijiyar ta kusa ƙafewa a daidai lokacin da bankuna ke ƙwace gidajen mutane.