Wajen Hajiya na Bauchi Road: masa da gwate sun yi, amma yadda ake riƙe ma'aikata ne ya sa na maƙale

Tun azumin da ya wuce nake cewa zan yi rubutu kan gidan abincin nan, sai yau Allah ya nufa. Masu bin Bauchi Road a nan Jos da yawa sun san shi, ba wani katafaren wuri ba ne, teburi tara ne a ciki sai benci biyu a waje, kowa dai wajen Hajiya yake ce masa. Ni kusan shekara biyu ke nan ina cin abincin rana a can, sau uku ko huɗu a sati, wani lokacin har karin safe, to abin da zan faɗa ba na wadda ta leƙa sau ɗaya ta wuce ba ne.

Bari in fara da ciki tunda shi ke kai mutum. Masarsu ta shinkafa wallahi ba magana, gefe ya soyu ciki kuma laushi, ba ta da tsamin nan mai sa mutum yamutsa fuska, miyar taushen kuma da kabewa ta gaske ake yi, ga gyaɗa ga alayyafo, ba irin wadda ake tsinkawa da ruwa a zuba magi a ce an yi miya ba. Amma sarauniyar wurin gwaten acha ne. Wata mama 'yar Berom ce ke yinsa, da yakuwa da gauta da kabeji, in ka same shi da zafinsa a sanyin Disamba ko Janairu, lokacin da Jos ke sa mutum saka rigar sanyi biyu, sai ka ji kamar a gida aka dafa maka. Kayan miya kullum da asuba ake ɗauko su daga Farin Gada, dankalin turawa kuma na Bokkos ne, in aka soya shi da ƙwai yana tafiya sosai da shayi. Tuwon shinkafa miyar kuka ba laifi. Jalof ɗinsu kam ta kowa da kowa ce, ban ga abin yabo ba, kaza wani lokacin tana bushewa, zoɓon kuma sukari ya yi masa yawa, na faɗa musu sau biyu har yanzu jiya i yau.

To yanzu ga ainihin abin da ya sa na zauna rubutu.

Wata ranar Laraba wajen ƙarfe ɗaya da rabi wuri ya cika maƙil, wata yarinya cikin masu kai abinci, ba za ta wuce shekara sha tara ba, ta taho da tire ɗauke da kwano uku na miya, ƙafarta ta zame tiren ya kife, miya ta fallatsa a ƙafar wandon wani Alhaji, farar shadda ce kuwa. Alhaji ya miƙe ya fara faɗa, ke makauniya ce, ina mai wurin nan, a kira min oga. Yarinyar ta tsaya kawai jikinta na rawa ko haƙuri ta kasa bayarwa. Ni na riga na san abin da ke biyo baya a irin wannan, don na sha gani a wasu wurare, mai wuri zai fito ya haɗu da kastoma su yi wa yarinya taron dangi, a zage ta gaban mutane, a ce za a cire a albashinta, wani lokacin ma a nan take a ce ta cire afron ta tafi.

Sai manaja ta fito daga bayan kanta, ita ma matashiya ce, ma'aikatan Anti suke ce mata. Abu na farko da ta yi shi ne ta shiga tsakanin Alhaji da yarinyar, ta ce mata a hankali je ki ciki ki zauna ki sha ruwa, sannan ta juyo ta ɗan rusuna ta ce Alhaji don Allah a yi haƙuri, laifinmu ne, mu ne ba mu goge wurin da kyau ba, ga ruwan ɗumi da tawul, kuɗin wanki da guga a kanmu, abincin yau ma a kanmu. Alhaji ya ce shi ba da ita zai yi magana ba a kira masa namijin da ke riƙe da wurin, ta ce ranka ya daɗe ni ce ke riƙe da wurin, ko ɗaga murya ba ta yi ba kuma ba ta ja da baya ba. Kafin minti biyar ya sauko ya zauna ya ci abincinsa, kuma ina ganinsa har yau yana zuwa.

Kalmar nan laifinmu ne ita ta tsaya min a rai. Daga baya da mutane suka ragu na tambayi manajar ya yarinyar take, ta ce ai kwana ta yi a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, tana jinyar mahaifiyarta, daga Lamingo ta wuto aiki kai tsaye ko runtsawa ba ta yi ba, kuma ba ta faɗa ba don tsoron kar a ce ta cika uzuri tunda sabuwa ce. Ta ce da ta faɗa min da safe da a kicin zan ajiye ta tana yankan albasa a zaune, ni ce ban duba fuskarta da kyau ba. An ba ta kwana uku ta je ta yi jinya, ba a taɓa mata albashi ba, Hajiya kuma da kanta ta je dubiya da kwanon abinci.

Ni wannan abu ya taɓa ni ne saboda na ɗanɗana akasinsa. A wani kamfani da na yi aiki a baya, da na haihu sati uku kacal aka ba ni, ko arba'in ban yi ba, ina cikin wankan jego aka kira ni a waya aka ce kujera ba ta jiran kowa. Na koma ina zama a ofis nono na zuba, jaririna na gida wajen kakarsa yana kuka, in na nemi fita rabin awa sai a kalli agogo a kalle ni. Kuma abin da ya fi min ciwo, shugabar tawa mace ce, uwa ce ma. Ban ce muguwa ba ce, ina ganin ita ma haka aka yi mata, an koya mata cewa mace in tana son a ji tsoronta a ofis sai ta fi maza taurin zuciya. A lokacin ban ma san dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mace sati shida kafin haihuwa da sati shida bayanta ba, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida a wurin aikin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Da na sani ma wa zan kai wa ƙara, aikin nake so kar ya kuɓuce.

A wajen Hajiya na ga mai wanke-wanke da goyo a bayanta, akwai wani ɗan ɗaki kusa da sito da aka shimfiɗa katifa da gidan sauro, nan masu shayarwa ke shiga. Wadda ta haihu sai ta yi arba'in har da ɗoriya kafin ta dawo, kuma wurinta na nan. Ranar Juma'a Kiristocin cikinsu ke riƙe wuri Musulmi su je masallaci, ranar Lahadi da safe a juya. Wanda ya san yadda garin nan ya rabu unguwa-unguwa tun rikicin Satumban 2001, ya san ba ƙaramin abu ba ne ka ga 'yar Gangare da 'yar Tudun Wada a kicin ɗaya suna raba tukunya, kowacce tana cewa Hajiya Mama.

Manajar nan ita ma da wanke kwanuka ta fara bayan ta gama sakandare. Hajiya ta lura kanta na ja wajen lissafi, ta ɗora ta a kan karɓar kuɗi, daga nan ta riƙa tafiya da ita Farin Gada tana nuna mata yadda ake cinikin kwandon tumatir da yadda ake gane dillalin da zai cusa maka ruɓaɓɓe a ƙasa, sannan ta bar mata littafin bashi, a ƙarshe ta ba ta makullin wurin gaba ɗaya. Akwai ɗan ƙanin Hajiya a wurin, ya girme ta, kowa ya ɗauka shi za a ba, dangi ma sun yi ta ƙorafi wai an bar jini an ɗauki bare, baren ma mace. Hajiya ta ce wanda ya iya shi za ta ba. Yaron yana nan har yanzu shi ke kula da janareta da kai oda ofisoshi, kuma Anti yake ce mata kamar kowa. Ita kuma tana karatu a NOUN, jami'ar nan ta karatu daga gida, lokacin jarabawa Hajiya ke dawowa ta zauna a kanta da kanta.

Mu 'yan Filato in ana zancen mata a shugabanci muna da abin nunawa, Pauline Tallen ta zama mataimakiyar gwamna a 2007, Josephine Piyo ta hau wannan kujerar a 2023, a Najeriya baki ɗaya kuma ga Amina Mohammed mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017, ga Ngozi Okonjo-Iweala a kan Hukumar Kasuwanci ta Duniya tun 2021. Ina alfahari da su ƙwarai. Amma mata nawa ne aikinsu ya ƙare ranar da suka ce suna da ciki, ko ranar da uwa ta kwanta asibiti, tun ba su kai inda wani zai ga abin da suka iya ba? Da ranar da manajar nan ta fasa faranti na farko aka kore ta, da yau ba wanda ya san ta iya riƙe ma'aikata goma sha biyu.

Kar wani ya ɗauka wurin sakaka ne kowa na yin abin da ya ga dama. Hajiya ba ta ɗaukar makara ba dalili, ba ta ɗaukar latsa waya gaban kastoma, kuma akwai wani yaro da aka kama yana karɓar transfa a asusunsa maimakon na shago, an ja masa kunne sau ɗaya ya sake, ta sallame shi. Amma a ɗaki ta kira shi, ta biya shi kuɗin kwanakin da ya yi cif, ba a tara masa jama'a ba. Masu cewa tausayi na lalata ma'aikaci su zo su ƙirga shekarun da mutanen nan suka yi a wurin, mamar gwate ta haura shekara bakwai, mai masa ta kusa haka, shi ya sa ɗanɗanon miyar bara shi ne na bana. Wurin da ake canja mai girki duk wata uku ai a harshe ake ganewa. Ɗaya daga cikinsu ta ba ni labarin lokacin da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya yi tashin gwauron zabi, Hajiya ta tara su ta buɗe musu littafi suka ga abin da ke shiga da abin da ke fita, aka yarda a rage kalolin abinci a riƙa tashi da wuri don rage shan man janareta, ba a sallami ko mutum ɗaya ba.

Inda nake da damuwa, kuma na faɗa wa Hajiya baki da baki, duk wannan alherin a zuciyarta yake, ba ko ɗaya a takarda. Ba takardar ɗaukar aiki, ba a rubuta hutun haihuwa kwana nawa ba ne, ba a rubuta matsayin manaja ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ma bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ke nan masu aiki a ƙananan wurare irin wannan halin mai gida kawai suke ci. Hajiya ta manyanta, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana, amma in wata rana magada suka karɓi wurin suka ce ɗan'uwansu suke so a kan kujera, manajar nan ba ta da abin nunawa. Da na faɗa mata sai ta yi shiru ta ce 'yata kin yi gaskiya, zan sa a rubuta. Wata huɗu ke nan ina jira, kuma zan ci gaba da tuna mata.

Sauran ƙananan abubuwa, wurin ajiye mota babu, sai dai ka raɓa gefen titi kana leƙe, masu keke kuma ba sa ɗaga ƙafa. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za ka iya yin minti talatin kana jiran tuwo saboda hannu ya yi kaɗan. Na'urar POS tana yawan cewa ba sabis, gara ka riƙe tsabar kuɗi ko ka yi transfa. Wurin wanke hannu famfo ɗaya ne kuma sabulun yakan ƙare da rana tsaka, wannan kam ya kamata a gyara tun jiya. Farashi daidai aljihun ma'aikaci ne, bai kai na gidajen abincin Rayfield ba ko kusa, ya ɗan fi na mai tebur a bakin titi.

In za ka je don masa ka isa kafin ƙarfe goma na safe, gwate kuma Talata da Alhamis da Asabar ake yi kuma kafin biyu ya ƙare. Yarinyar da ta kifar da tire tana nan, mahaifiyarta ta samu sauƙi an sallamo su, satin da ya wuce na gan ta zaune gefen manaja a kanta ana nuna mata yadda ake rufe lissafin rana.