Gargaɗi ga Masu Buga Gem a Jos: Hattara da Mai "Gwada Kafin Ka Biya"

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman matasanmu masu buga gem a kwamfuta da masu gidajen gem na Bauchi Road, Anguwar Rogo, Rikkos, Gangare har zuwa Bukuru. Gyaran kwamfuta ne sana'ata, a nan wajen Terminus nake zama. Cikin sati uku an kawo min laftof huɗu da ciwo iri ɗaya, kuma ta farkon ta ƙanena ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya sa na kasa yin shiru.

Akwai wani mutum da ke talla a guruf-guruf na WhatsApp da wani shafi a Facebook, wai yana sayar da sababbin gem na Steam, wato babban shagon sayar da gem na kwamfuta a intanet, a kan kuɗin da bai kai rabin farashinsu ba. Ba arahar ce kaɗai ke jan yara ba. Abin da ke kashe musu jiki shi ne sharaɗinsa: ka gwada kwana uku kyauta, in ya yi maka ka biya fiye da rabi, ragowar sai ƙarshen wata. Ba zan kawo suna ko lamba ba, domin a cikin mutum huɗun nan suna uku daban-daban ya yi amfani da su, kuma sunan da ke kan asusun bankin da ake tura kuɗin bai yi daidai da ko ɗaya ba. Yana iya yiwuwa ma na wani bawan Allah ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. Salon aikin nasa za ku riƙe, shi ne ba ya canzawa.

Ranar wata Talata da sassafe, sanyin nan namu na Jos bai gama saki ba, ko tebur ban gama gogewa ba, sai ga ƙanena da laftof a jakar baya. Ya ajiye, ya buɗe, ya ce, "Yaya, duba min. Jiya da dare ina cikin wasa ya jefo ni waje, yanzu kuma cewa yake kalmar sirri ba daidai ba ce." Na duba sunan da ke saman akwatin shiga, na ga ba nasa ba ne, wasu haruffa ne da lambobi barkatai. Na ce, "Akawunt ɗin wa ye wannan?" Ya ce nasa ne, ya saya. Na ce to buɗe min imel ɗin da aka yi rajistarsa da shi. Sai ya yi shiru yana kallon ƙasa. Ba shi da imel ɗin. Bai taɓa ganinsa ba.

Naira 25,000 ya biya don EA Sports FC, gem ɗin ƙwallon da ya gaji FIFA tun 2023. Ya fara tura 15,000 bayan kwana ukun gwaji, ya cika 10,000 da wata ya ƙare, daga kuɗin da yake tarawa na aikin hutu. Kwana biyar da cikasawa aka rufe masa ƙofa. Da ya yi magana, mutumin ya amsa da fara'a, "Oga, kwantar da hankalinka, kamfanin ne ya yi gyara, turo 5,000 na sabuntawa." Allah ya sa wannan karon ya zo wurina kafin ya tura. Da yamma kuwa aka toshe lambarsa.

Ku fahimci yadda abin yake tafiya, don a nan ne damfarar take. Mutumin ba gem yake sayarwa ba. Akawunt ɗinsa ne na Steam, wanda gem ɗin ke ciki, yake ba ka suna da kalmar sirrinsa. Idan za ka shiga, tsarin tsaro na Steam Guard zai nemi wata lamba, lambar kuma wurinsa take zuwa, ta imel ɗinsa ko wayarsa, sai ya turo maka. Ka ƙona data gig gommai ka sauke gem ɗin. Daga nan sai ya ja maka kunne: ka mayar da Steam oflayin, wato ka raba shi da intanet, kada ka taɓa kalmar sirri, kada ka buga da mutane ta intanet. Zai ce don kada gem ɗin ya lalace ne. Gaskiyar ita ce akawunt ɗin nan ɗaya ya raba wa mutane da yawa, kuma Steam ba ya barin mutum biyu su buga ta intanet lokaci guda daga akawunt ɗaya, wani zai kori wani. Yana ɓoye ku ne daga junanku. Ranar da ya ga kowa ya gama biya, sai ya canza kalmar sirri, ya fita neman sababbin kwastomomi da kaya iri ɗaya. Ko da kai ka riga shi canzawa ba ka tsira ba, tunda imel na asali da shaidar sayen farko suna hannunsa, da su zai je wurin kamfanin ya ce an sace masa akawunt, a mayar masa. Kai kuwa ba ka da bakin kai ƙara wurinsu, domin dokar Steam ta hana saye da sayar da akawunt tun asali.

Kwana ukun gwajin nan fa gaskiya ne, gem yana tashi, hoto tangaran, babu abin da ya rage. Amma abin da ka gwada shi ne gem ɗin yana aiki. Ba ka gwada cewa naka ba ne. Kamar mutum ne ya zagaya da kai gidan haya, ya buɗe maka famfo ruwa ya zubo, ya kunna wuta ta kama, ya karɓi kuɗi a matsayin ya sayar maka, alhali takardar gida da makulli na biyu suna aljihunsa. Ungulu da kan zabo ke nan.

Ba na ganin laifin yaranmu da suke son su gwada kafin su biya. Mu mutanen kasuwa ne, ko tsire za ka saya sai an yanko maka ɗanɗano, kuma tun kakanni aka ce ba a cinikin biri a sama. Sabon babban gem yana kai dala 70, wato kusan naira dubu ɗari ko fiye gwargwadon canjin ranar. Wa zai zuba wannan kuɗin a kan abin da bai san ko tsohuwar laftof ɗinsa za ta iya ɗauka ba? Ga kuma wahalar biya. A 2022 bankuna da yawa sun dakatar da amfani da katin naira a shafukan ƙasashen waje, sai a 2025 wasu suka dawo da shi, shi ma da iyaka. Shekarun nan sun saba wa matasa da bi ta hannun dillali. Biyan kaɗan-kaɗan kuwa ai jininmu ne, da adashe aka yi wa da yawanmu kayan ɗaki da kuɗin makaranta. Mutumin nan ya karanci duk wannan, ya gina tarkonsa a kan buƙata ta gaskiya. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Abin takaicin, gwajin da suke nema yana nan na halal, daga hannun kamfanonin da kansu. A Steam, tun 2015, idan ka sayi gem ka ga bai yi maka ba, kana iya neman a mayar maka da kuɗinka matuƙar ba a wuce kwana 14 ba kuma ba ka buga shi ya kai awa biyu ba. Awa biyu sun isa ka gane ko kwamfutarka tana jan sa ko tana shaƙewa. Epic Games Store, wani shagon gem irin Steam, shi ma haka ƙa'idarsa take, kuma kowace Alhamis yana ba da gem kyauta wanda zai zauna a akawunt ɗinka, har GTA V ya taɓa bayarwa a watan Mayun 2020. Steam yana da bikin Next Fest sau uku a shekara inda ake sakin ɗanɗanon gem masu zuwa kyauta. Mai son ƙwallo, rajistar EA Play, tsarin biyan wata-wata na kamfanin da ke yin FC, ta wata ɗaya ba ta kai dala goma ba, kuma tana ba da gwajin awa goma na sabon FC. Wanda ba shi da ko sisi, eFootball na Konami kyauta ake sauke shi tun 2021. Masu son biyan wata-wata akwai Game Pass na Microsoft, sai dai ku sani haya ce, ranar da ka daina biya ƙofa ta rufe, amma su tun farko sun faɗa maka haka, ba su ɓoye ba.

Laftof ta huɗu ita ce ta fi ba ni tausayi, don ita ƙarin wata dabara ya yi mata. Wani matashi ne mai ɗan gidan gem, yana da akawunt nasa na kansa da ya shekara huɗu yana tara gem a ciki. Mutumin ya ce masa ya kawo suna da kalmar sirri zai "zuba" masa sabon gem kai tsaye, ya kuma karanto masa lambar da za ta shigo wayarsa. Ya karanto. Kafin la'asar an canza imel, an canza komai. Muna nan muna ta rubuta wa sashen taimako na Steam da tsofaffin rasit ɗin da ya samu a imel ɗinsa, su ne kaɗai abin da ya rage masa na shaida. Babu mai sayar da gem na gaskiya da yake buƙatar kalmar sirrinka. Idan wani zai saya maka, Steam yana da hanyar aika wa wani gem a matsayin kyauta, gem ɗin ya taho akawunt ɗinka ka karɓa da hannunka. Ko a nan ma sai da wanda ka sani ido da ido, domin idan da katin sata aka saya, ranar da mai katin ya kai ƙara banki za a janye gem ɗin daga wurinka.

Masu PlayStation, ku ma bai bar ku ba. Akawunt ɗin da ake sayar muku da sunan "firamare" da "sakandare" a farashi biyu, hanya ɗaya ce da wannan, imel yana hannun mai sayarwa.

Kafin ka tura ko naira ɗaya, yi masa tambaya ɗaya tak: gem ɗin zai shigo akawunt ɗina ne, wanda na buɗe da imel ɗina? In ya fara kewaye-kewaye, ko ya ce sai ka zauna oflayin, ko ya ce tayin yau kaɗai ne, ka riƙe kuɗinka.

Wanda kuma ya riga ya faɗa, kada kunya ta sa ka yi shiru kamar yadda ƙanena ya so ya yi. Ɗauki hoton duk hirarku da rasit ɗin tiransfa kafin ya goge, ka je bankinka a ranar ka shigar da ƙorafi a rubuce, sannan ka kai rahoto wurin 'yan sanda ko EFCC, domin Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta shafi irin wannan. Idan ka taɓa ba shi kalmar sirrinka, canza ta imel ɗinka tukuna, sannan ta Steam. Su huɗun sun haɗa takardunsu wuri ɗaya, ranar Litinin za mu kai tare. Iyaye da yayye, don Allah ku tambayi yaran gida yau da dare da imel ɗin wa aka buɗe akawunt ɗin da suke wasa a kai.